Kifin Fulbert da Maruƙan Jauro

Fulbert ɗan dutse ne. An haife shi a kan tsaunukan da ke bayan Mora, inda ba a samun gona sai an gina ta: a jera duwatsu, a cika bayansu da ƙasa, a shuka dawa a filin da bai fi tabarma faɗi ba. Abu biyu ubansa ya cusa masa tun yana ƙarami. Na farko, duk abin da zai ƙara wa ƙasa ƙarfi ba a zubar da shi, kashin akuya ne, toka ce, ko sharar tsakar gida. Na biyu, ruwa in ya shigo hannunka ba ka sakinsa. Duk wahalar jeren dutsen nan ai don a tare ruwan sama ne, kada ya gangara wa mutanen ƙasa a banza. Har bijimin sa ma haka suke kiwonsa a can. Sai su gina masa ɗaki mai zurfi, su toshe ƙofar, su bar 'yar tagar zuba ciyawa da dusa, ya shekara biyu ko uku a ciki yana ƙiba har ranar biki.

Da uban ya mutu, gonakin suka koma hannun wansa. Ba mugunta ba ce, abin ne bai kai a raba ba. Fulbert da matarsa Martine suka zauna a raɓe, suna noma wani ɗan gefe da ko a shekarar albarka ba ya kai su damina. Sai ga fari ya zo, a farkon shekarun saba'in, zamanin Shugaba Ahidjo, lokacin da ake kwasar mutanen dutse a manyan motoci ana kai su kwarin Binuwai, wai can ƙasa tana kwance ba mai noma ta. Fulbert ya ɗauki fartanyarsa, Martine ta goya 'yarsu ta rungumi tukunyar dafa giya, suka hau. Ya san ba komawa, domin tun motar ba ta tashi ba ya hango wansa ya shiga ɗan gefen nan yana sassabe.

Motarsu ce ta iso a ƙarshe, an riga an gama rabon filayen auduga. A wani ƙauye kudu da Garwa aka sauke su, aka nuna masa gidan Jauro, wato mai garin, wani dattijon Bafillace siriri mai magana a hankali. Fulbert ba ya jin Fillanci, Jauro ba ya jin yaren dutse, sai suka haɗu a Hausar kasuwa.

Jauro ya ce, “Akwai wuri a bakin mayo, ƙasa mai kyau. Amma ina da damuwa. In zafi ya zo shanuna Binuwai suke tafiya. Maruƙa ba sa iya tafiyar, a gida suke zama, rijiyar gari kuwa ko mutane ba ta isa. An ce ku mutanen dutse kun iya tare ruwa. Ka tare mini shi. Muddin maruƙana suna sha a wurin, gonar taka ce. Ranar da suka rasa, maganarmu ta ƙare.”

Fulbert ya durƙusa ya ce, “Allah sabbinane, na ji.” Iyakar Fillancin da ya koya a hanya ke nan, gaisuwar manya, kuma a ranar ya yi ta da zuciya ɗaya.

Mayon, wato rafin, ɗan ƙarami ne, akwai idon ruwa a samansa da yakan ɗiɗɗiga har zuwa ƙarshen sanyi, sannan ya ƙafe. Fulbert ya haƙa rami mai faɗi, ya ɗebo duwatsu a ka, ya gina bango irin na gida, dutse yana cizon dutse, laka a tsakani. Mutanen gari suka riƙa zuwa kallo suna dariya, wai ɗan dutse ya rasa dutsen hawa ya zo yana gina nasa. Da zafi ya kankama, ko'ina ya bushe, tafkin Fulbert yana nan cike, dariya ta koma “sannu da aiki.” Maruƙa suka sha, dawa ta yi, albasa ta yi. Martine ta gina murhu ta fara dafa bilbil, giyar dawa, tana sayar wa 'yan uwanta mutanen dutse ran kasuwa. A karon farko a rayuwarsa Fulbert ya cika rumbu, har yakan zagaya ya dafa shi haka kawai.

Ana nan sai ga wani malamin gona, Roger, a kan ɗan babur, mobilet. Saurayi ne mai fara'a, mai yawan magana, wanda bai taɓa ganin ruwa a kwance ba tare da ya yi masa tunanin aiki ba. Ya tsaya a bakin tafkin ya riƙe ƙugu.

Ya ce, “Baba, wannan ruwan zaman banza yake yi. Zan kawo maka 'ya'yan kifin karfasa.”

Fulbert bai taɓa ganin kifi mai rai ba sai da ya sauko ƙasa. A dutse busasshe suka sani, baƙi, a cikin miya, shi ma sai ran babbar rana. Roger ya dawo da garwa a ɗaure bayan mobilet, ya juye wasu 'yan abubuwa kamar ganyen tsamiya a cikin ruwan. Ya sa Fulbert ya cire dutse ɗaya daga saman bangon, ya tare gurbin da ƙaya don kada kifi ya bi. Ya ce, “Wannan ƙofar ka bar ta a buɗe muddin idon ruwa yana zuba, sabo ya shigo, tsoho ya fita. Abinci kuma dusa, da ɗan taki don ruwan ya yi kore. Amma kaɗan-kaɗan, ka ji? Doucement.” Ya hau mobilet ya tafi, yana ganin ya gama bayani.

Shekarar farko Fulbert ya bi magana. Kifin ya rayu, amma bai wuce tafin hannun yaro ba. Abin da ya fi damunsa ma ba ƙanƙantar kifin ba ce, ƙofar nan ce. Kullum in ya zo sai ya tarar da koren ruwa mai maiƙo, wanda ya zuba wa taki da hannunsa, yana silalewa ta gurbin dutsen yana bin rairayi, ciyawar banza tana sha tana ƙiba. Kai, abin yana sosa masa rai. Da ubansa zai ga wannan ɓarna, da ya tsinke shi da mari. Ya yi haƙuri, ya yi haƙuri, wata safiya a ƙarshen damina ya ɗauko dutsen ya mayar gurbinsa, ya liƙe da laka, ya ƙara wa bangon tsawo.

Daga nan sai ya shiga kiwon kifi yadda ya san kiwo. Dusar giyar Martine, duk tukunya, cikin tafki. Kashin awaki, sharar kaji, ragowar tuwo, ruɓaɓɓiyar albasa, cikin tafki. Kuma kada a ce wawa ne, domin abin ya yi aiki. Kifin ya tashi kamar ana hura shi, bayansa ya yi kauri, in ya watsa dusa ruwan har tafasa yake yi. Fulbert yakan tsuguna a bakin bango ya yi ta murmushi shi kaɗai. Martine tana tsokanarsa, “Maigida, in ka gama hira da 'yan uwanka ka zo ka ci tuwo.”

Idon ruwa ya ƙafe a lokacinsa. Zafin Garwa ya sauko, irin wanda ko inuwa ƙuna take yi. Ruwan tafkin ya ja baya, ya yi kauri, ya yi ɗumi kamar kunu. Wata safiya Fulbert ya watsa dusa, ba abin da ya motsa. Ya duba sai ya ga kifin sun taru a can inda ruwa yake shigowa da, sun ɗago baki sama suna haki. Ya sa hannu ya kama ɗaya, ko gudu bai yi ba. Kashegari wasu suka taso da farin ciki a sama. Jikinsu lafiya, ba ciwo, ba ƙurji. Sai da ya ɗaga murfin kunnen ɗaya, inda kifi yake numfashi, sannan ya ga ɓarnar. Wurin da ya saba gani ja wur ya zama dabbare-dabbare, nan fari, nan toka-toka, nan baƙi-baƙi, gefensa ya zagwanye. Ya taɓa da yatsa, wani ɓangare ya biyo yatsan.

Ya zaɓi masu sauran rai ya cika kwando, ya hau motar kasuwa zuwa Garwa, ko a rabu da su tun da wuri. A layin masu kifi ya ajiye gaban Kolo, wani Babarbare da ya tsufa a sana'ar. Kolo ya yaba girmansu, sannan ya sa babban yatsa ya ɗaga kunnen ɗaya, ya ɗaga na biyu, ya ture kwandon da ƙafa.

Ya ce, “Aboki, wannan tun yana da rai ya fara ruɓa. Ɗauke mini shi kafin ya kore mini masu saye.”

Da ƙyar ya gano Roger a ofishinsu. Roger ya duba kifin, fara'arsa ta ɗauke.

“Ka rufe ƙofar, ko?”

Fulbert ya sunkuyar da kai.

Roger ya ce, “Champignon ne, fumfuna, irin wadda take kama tuwon da ya kwana biyu. Amma wannan cikin jijiyoyin kunnen take shiga ta toshe su, jini ya daina zuwa, naman ya mutu. Kifin yana cikin ruwa amma shaƙewa yake yi. Ba abin da take so irin ruwa mai zafi, mai datti, wanda ba ya motsi, kai kuma ka haɗa mata duka. Ba ni da maganin da zan ba ka ka zuba. Ka daina ba su abinci, ka binne matattun. Sannan ka fasa bango ka zubar da ruwan kaf, ka bar ƙasan ya bushe har ya tsage, ka watsa lasho, farar ƙasa mai ƙuna. In ba haka ba tana nan kwance a cikin laka, duk kifin da ka sa, zafi na zuwa za ta tashi. C'est simple.”

Fulbert ya ce, “Misye, maruƙa fa?”

“Waɗanne maruƙa?”

Ya yi masa bayani. Roger ya sosa ƙeya, ya ce shi dai kifi ya sani, wannan kuma tsakaninsu ne da mai gari.

Da la'asar Fulbert yana durƙushe gaban Jauro. Ya faɗi komai, bai ɓoye laifinsa ba, ya roƙi a yi masa haƙurin zafi ɗaya tak. Jauro ya saurara har ƙarshe yana jan carbi. Ba azzalumi ba ne, kuma wannan ne ma ya fi ciwo, domin da ya yi faɗa da Fulbert ya sami wanda zai tsana.

Jauro ya ce, “Filber, ni da kai maganar ruwa muka yi, ba mu yi maganar kifi ba. In ka zubar yau, ina zan kai maruƙa gobe? Su mutu don kifinka ya warke? Ka ga mutanenku da aka kawo bana, kullum suna ƙofar gidan nan suna neman wuri. Ni ban kore ka ba. Amma an ce mini ruwan ya fara wari. In sun ƙi sha, daidai yake da babu.”

Ya koma gida yana lissafi. In ya zubar da ruwan, gona ta tafi. In ya bar shi, kifi na mutuwa a ciki, ruwan zai ɓaci, gona ta tafi. Martine ta ji duka, ta ce, “To mu koma dutse.” Ta faɗa ne kawai, ita ma ta san ko wurin shimfiɗa tabarma ba su da shi a can. Ga yara sun zama uku. Fulbert ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ko a shekarar fari, ga kunya kuma, domin da hannunsa ya mayar da dutsen nan.

Suka shiga ruwan su biyu, da kwando da tsohon zanen Martine, suna tace kifi. Matattun ya haƙa rami a gona ya binne. Masu ran suka ƙyafe, kuma da yake labari ya riga ya zaga ba mai saye, su suka ci abinsu har yara suka fara kuka in sun ga kifi. Ya riƙa kwasar baƙar lakar ƙasan tafkin a kwando yana fitarwa, yana amai yana komawa. Duk da haka ranar da ake tsoro ta zo. Aka koro maruƙa da hantsi, Jauro da kansa yana biye da sandarsa. Suka ruga bakin ruwa, suka sunsuna, suka ja da baya suna kuka.

Jauro ya juyo ya kalli Fulbert.

Fulbert ya ce, “Allah sabbinane, a ba ni zuwa azahar.”

Ya tuna yadda matan gari suke tonon rairayin mayo su sami ruwa. Ya koma bayan bango, inda rairayi yake da danshi, ya shiga haƙa kamar mahaukaci. Da ramin ya kai ƙirjinsa sai ruwan tafkin ya fara tsattsafowa ta cikin rairayin, a tace, ba wari. Martine ta jawo kwamin da take jiƙa dawa. Ya riƙa ɗiba da ƙwarya yana miƙa mata tana zubawa. Maraƙi ɗaya ya matso, ya sunsuna, ya kafa kai. Sauran suka biyo.

Jauro ya gyaɗa kai ya ce, “Wannan ma ya fi. Haka za a riƙa yi.”

Da wannan 'yar maganar aka ɗaure Fulbert. Gona ta tsira, amma daga ranar, duk zafi, safe da yamma, yana cikin rami da ƙwarya. Ramin a hankali yake tsattsafowa, maruƙa kuwa ba su san haƙuri ba, kuma kowace shekara ƙaruwa suke yi. Ba ya zuwa kasuwa, ba ya zuwa biki, coci ma sai ya fita kafin a tashi. Tafkin kuma ba halin a busar da shi, domin shi yake ciyar da ramin. Ya buɗe ƙofar nan, ya daina zuba ko ƙwayar dusa, ya sake roƙon Roger 'ya'yan kifi. Suka yi kyau da damina, suka yi kyau da sanyi, zafi na zuwa suka ɗago baki sama. Ya sake gwadawa wata shekarar, haka. Daga nan ya haƙura. Bayansa ya ranƙwafa, ƙafafunsa suka tsattsage saboda zaman ruwa. Da aka fara maganar babban dam da ake ginawa a Lagdo, 'yan uwansa suna ta shirin komawa can, ko leƙawa bai samu ya yi ba. In an tsokane shi sai ya nuna rumbunsa ya ce shi dai yana da gona.

Jauro ya rasu a wata damina. Ɗansa da ya gaje shi ɗan birni ne, yana da shago a Garwa, ba ya sha'awar bin shanu. Ya tura garken duka, har maruƙan, wurin danginsu a wajen Tignère. Da sanyi ya shigo ya zo bakin tafkin da takalminsa mai tsabta, ya gaishe da Fulbert da ladabi, ya kira shi Baba.

Ya ce, “Baba, ka huta da ɗibar ruwa, maruƙa ba za su dawo ba. Ka kuma san yadda maganarku take da marigayi. Wurin nan mangwaro zan dasa. Amma ba zan ce ka tashi ba, ka zauna a ɗakinka. An ce mini in aka zubar da ruwan nan aka busar, aka sa lasho, kifi zai yi sosai. Ina so in gwada. Kai ka san wurin, sai ka riƙa kula mini da shi, ina ba ka hatsi. Ka fasa bangon tun yanzu, ya samu ya bushe.”

Fulbert ya auna maganar. Ba a yi masa ƙarya ba, ba a karya alkawari ba. Ya dubi gonar, karan dawar da ya girbe suna nan a tsaye. Ya dubi Martine, ta tsaya a ƙofar ɗaki da ludayi a hannu, furfura ta fara fito mata. Ya yi tunanin inda za su, bai ga ko'ina ba.

Ya ce, “To.”

Ba wanda ya san yadda bangon yake sai shi, saboda haka shi ya shiga. Ya laluba can ƙasa, ya girgiza dutse ɗaya, ya zare. Ruwan ya yi gurnani ya fita, baƙi, ya bi mayo. Kafin rana ta yi tsaka an gama. Abin da ya roƙa a durƙushe aka hana shi, abin da ya ci masa ƙarfinsa duka, ashe aikin rabin yini ne.

Martine ta zo ta tsaya a bayansa, suna kallon lakar tana sheƙi a rana. Ta ce, “Yanzu kifin zai rayu?”

Ya ce, “Zai rayu.”

Sannan ya tambaye ta ko buhun da ke ɗaki yana da kyau, domin ɗan Jauro ya ce gobe ya je Garwa ya ɗauko masa lasho.